Wa Ya Ƙera Bodin? Yadda Ake Gane Aikin Hannu A Tsofaffin Motoci

A bakin kasuwar kifi ta Kado, cikin Abuja, akan ga irin manyan motocin nan na dakon kaya masu bodin katako, waɗanda tsufa ya kama amma ba su ajiye aiki ba. Kowa ya dubi goshin motar zai ga tambarin Mercedes, wadda Hausawa ke kira Marsandi, ya san ƙirar Jamus ce. To, amma in aka ce wa ya ƙera bodin da ke bayanta, sai a yi shiru, sau da yawa har da direban. Kamfanin da ya yi injin bai taɓa ganin wannan bodi ba. Wani kafinta ne da yaransa suka auna, suka yanka, suka ɗaure shi da noti a wani gareji, suka karɓi ladansu, ba su bar suna ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, haka motocin alfarma na duniya suka faro. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Rolls-Royce na Ingila ba ya sayar da cikakkiyar mota. Abin da yake bai wa mai saye shi ne shasi, watau ƙashin ƙarfen da mota ke zaune a kai, tare da inji da ƙafafu da sitiyari. Daga nan sai mai kuɗi ya kai wa maƙeran bodi, ya faɗi irin wanda yake so. Yawancin maƙeran nan da ma kekunan doki suke ƙerawa tun kakanni. Gidan Barker na Landan ya kafu tun 1710, shi ne kuwa ya yi bodin shahararriyar motar nan Silver Ghost ta 1907. Akwai Hooper, mai yi wa gidan sarautar Ingila aiki, da H. J. Mulliner, da Park Ward wanda bai zo ba sai 1919. A Amurka ma haka abin yake: shasin Duesenberg Model J kaɗai, ba bodi, dala 8,500 ne a 1929, lokacin da ake samun sabuwar Ford cikakkiya a wajen dala 500.

Sana'ar ta mutu ne a hankali, yayin da masana'antu suka koyi buga bodin ƙarfe da injin matsi, dubbai iri ɗaya. Hooper ya haɗiye Barker a 1938, Rolls-Royce ya mallaki Park Ward a 1939, ya ƙara da Mulliner a 1959, shekarar da Hooper ya daina ƙera bodi. Silver Dawn ta 1949 ita ce Rolls-Royce ta farko da ta fito da bodin kamfani.

To, me ya sa sanin maƙerin ya zama abin damuwa? Dalili na farko kuɗi ne. Motoci biyu masu inji ɗaya, na shekara ɗaya, sai a tarar farashin ɗaya ya ninka na ɗayar, don kawai wannan tana ɗauke da bodinta na asali, waccan kuwa an sake mata. Sake bodi kuma ba baƙon abu ba ne, domin shasi ya fi bodi tsawon rai nesa ba kusa ba. Wasu attajiran da ma bodi biyu suke yi wa shasi ɗaya, buɗaɗɗe na lokacin zafi da rufaffe na lokacin sanyi. Da motocin suka tsufa, an mai da da yawa motocin ɗaukar gawa, ko na marasa lafiya, ko na jan motar da ta lalace. Bayan shekaru, da darajarsu ta dawo, sai aka shiga ƙera musu sabon bodi mai kama da na da. Ba laifi ba ne a yi haka. Laifin shi ne a sayar wa mutum sabon aiki da sunan tsoho, kuma ana yi.

Mai bincike yakan fara da lambar shasi, wadda ake bugawa a wani ɗan faranti a bangon da ya raba inji da mazaunin direba, a kuma jikin ƙarfen kansa. Ga motocin Rolls-Royce wannan lamba mabuɗi ce, domin an adana takardun kamfanin na kowane shasi a Hunt House da ke ƙauyen Paulerspury a Ingila, kuma galibi suna nuna wa ya saya, yaushe, da maƙerin da aka aika wa. In takarda ta ce rufaffen bodin Hooper, ido kuma ya ga buɗaɗɗe, magana ta ƙare.

Sai farantin maƙeri, wanda akan kafa a dokin ƙofa, inda ake taka ƙafa a shiga. Shi ne abin da mai sayarwa ke saurin nunawa, shi ne kuma mafi raunin shaida, gama kusoshi biyu ko huɗu ke riƙe da shi, kowa na iya cire shi daga wata mota ko ya sa a buga masa sabo. Wanda ya san aiki ba ya tsayawa nan. Yakan ɗaga kujera, ya cire katakon daɓe, ya duba bayan allunan ƙofa, saboda maƙeran suna buga lambar bodi a jikin katakon, ko su rubuta da fensir, don kada kayan wannan mota su gauraya da na waccan a cikin shago. Lambar da ta maimaitu a wurare biyar ɓoyayyu ta fi faranti mai ƙyalli gaskiya.

Daga nan sai kayan aikin su yi magana da kansu. Tsohon bodin Ingila ƙashinsa itacen ash ne, mai ƙarfi da sauƙin lanƙwasawa, aka lulluɓe shi da falanken alminiyam ko na ƙarfe da aka buga da hannu. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, saboda haka ɗan guntunsa a aljihu ya isa ya nuna inda aka yi faci da wani ƙarfe dabam. A bayan falanken akan ga sawun guduma. In aka auna ƙofar dama da ta hagu, da wuya su zo daidai cif, kuma wannan ɗan bambanci shaidar hannu ce, ba aibi ba. Kusoshi ma suna tona asiri: sukuru mai kai kamar gicciye bai shiga masana'antar mota ba sai tsakiyar shekarun 1930, don haka in aka same shi ko'ina a bodin da aka ce na 1912 ne, to wani ya bi ta wurin daga baya. Haka nan noti mai awon mita a motar Ingila ta wancan zamani, wadda aka ɗaure da awon Whitworth. Amma babbar shaida tana ƙarƙashi. Kowane bodi da ramukan da aka huda masa a shasi. Ramukan da suka zauna fayau, ba noti a ciki, suna nufin akwai wani bodi da ya riga wannan zama.

Masana sukan ce suna gane maƙeri daga nesa, ta yadda ya karya layin rufi ko ya zubo da fukafukan ƙafafu. Akwai gaskiya a ciki, sai dai maƙeran sun yi ta kwaikwayon juna, musamman a yayin bodi mai kaifin gefe na ƙarshen shekarun 1930. Ido yana ba da zato ne kawai. Lamba da takarda ke yanke hukunci.

A ƙasar nan tsarin bai mutu tare da na Turai ba, ya koma kan manyan motoci ne. Kamfanonin ciniki sun riƙa shigo da Bedford da Austin da Mercedes daga kai sai shasi, daga baya aka shiga harhaɗa su a gida: Bedford a Apapa, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu daga 1980. Sauran aikin na kafintoci da maƙera da masu fenti ne. Su suka yi bodin da ya kwashi gyaɗa zuwa dalar Kano, ya kai shanu Kudu, ya komo da goro. Su suka yi bolekaja mai bencina, da molue ta Legas a kan shasin Mercedes 911. Hanyar binciken ba ta canja ba. A dubi irin katakon, loko ne ko maɗaci ko wani mai araha. A dubi yadda aka haɗa ginshiƙai da ƙarfen kusurwa, da tsayin bango, da yadda ƙofar baya ke buɗewa, da ramukan da ke jikin shasi. Tsofaffin direbobi da 'yan kamasho sukan dubi bodi su faɗi garin da aka yi shi, wani lokaci har da garejin. Bambancin kawai shi ne babu wani Hunt House a nan. Abin da aka sani yana cikin kawunan dattawa ne, mai fenti kuwa in ya sa suna a gindin zanen zaki ko masallaci, sunansa ya sa, ba na kafinta ba.

Gidajen sarauta da na tsofaffin attajirai na Arewa ba su rasa motocin da suka cancanci irin wannan bincike ba. Tsohuwar Rolls-Royce ta gidan Sarkin Kano sananniya ce ga duk mai zuwa kallon bukukuwan fada. Waɗanda ke cikin hatsari su ne na bayan gida, da magada ke gani tarkace ne, ga kuma 'yan gwangwan na yawo da sikeli suna saye da kilo. Alminiyam ɗin da aka yi wata da watanni ana bugawa da hannu, rana ɗaya ya isa a narkar da shi a zuba tukwane.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana riƙe da Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu 1976, a gidan tarihi na Onikan a Legas. An ajiye ta ne saboda wanda ya mutu a cikinta, kuma daidai ne. Mota guda mai bodin katako, da sunan wanda ya ƙera ta da garinsa da shekarar a rubuce, ita ma ta cancanci rumfa a irin wannan gida. Kafin hakan ta samu, duk wanda ya gaji tsohuwar mota ya kwafe lambar shasi, ya ɗauki hoton kowane faranti da kowace lamba da ke jikin katako, kada kuma ya bari a kankare fenti ko a canja ƙusa ɗaya sai wanda ya san abin ya duba.