RA'AYINMU: Na'ura Mai Sauraron Jijiya

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, wadda dā aka ɗauka yaɓe ne kawai irin na bangon ɗaki. A 1980 Robert Furchgott na Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin nan suna sakin wani sinadari da ke sa jijiya ta saki, ta buɗe wa jini hanya. A 1987 aka tabbatar iska ce mai suna naitirik oksaid, a 1998 kuwa aka ba shi lambar Nobel tare da Louis Ignarro da Ferid Murad.

To, amma auna iskar nan jan aiki ne, domin cikin 'yan daƙiƙoƙi take ɓacewa. Ga shi kuma jijiya ba ta zama wuri ɗaya: duk bugun zuciya sai ta miƙe ta koma, miƙewar nan kuwa tana canja yawan iskar da ake saki. Ma'auni mai tauri ba zai bi wannan motsi ba. Saboda haka masana, ciki har da na Jami'ar Wuhan ta ƙasar Sin a 2016, suka shimfiɗa zaren zinariya da ido ba ya gani a kan roba mai laushi. A kanta ake renon ƙwayoyin, a ja ta kamar yadda jijiya ke miƙewa. Da iskar ta taɓa zaren sai lantarki ya motsa, a karanta nan take.

Ina ruwanmu da wannan? Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar yara masu amosanin jini. A cutar nan jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, abin da ya tsiyaye daga cikinsu ya laƙume naitirik oksaid, jijiya ta tsuke. Na'urar ba magani ba ce, kayan bincike ce, amma sai an auna ciwo ake sanin ko magani ya ci.

Aikin nan ya fi ƙarfin sashe guda. Sai mai ilmin sinadarai da injiniya da likita sun zauna tebur ɗaya, mu kuwa kowa ya ƙule a tsangayarsa. Muna kira ga hukumomin jami'o'inmu su yarda ɗaliban sassa dabam-dabam su haɗa aikin bincikensu na shekarar ƙarshe. Ku kuma da ke tsara kasafin kuɗi a ma'aikatu, kada ku mance da ɗakunan gwaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya sa mu dace, amin.