Za ka tafi hutu Sifaniya? Koyi faɗin "zan dawo" da bakinka

Matasa da yawa masu burin zuwa Madrid ko Barcelona sun riga sun yanke cewa Google Translate zai yi musu magana. A ganina wannan ganganci ne. Waya ta zama malamarka, amma kada ta zama bakinka. Idan abu ɗaya kawai za ka koya a Sifaniyanci kafin tafiya, ya zama yadda ake faɗin abin da za a yi nan gaba.

Dalili shi ne tambayoyin da ke jiran baƙo duk a kan gobe suke: ina za ka sauka, kwana nawa za ka yi, yaushe za ka koma gida? Bizar yawon buɗe ido ta Schengen ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180, kuma jami'in da ke duba fasfo yana son ya ji ka san ranar komawarka.

Abin daɗin shi ne ƙa'idar ba ta da wuya. Ka ɗauki aikatau yadda yake a ƙamus, ka ƙara masa "é" idan kai ne mai yin aikin. Viajar ya zama viajaré, zan yi tafiya. Volver ya zama volveré, zan dawo. Idan ku biyu ne ko fiye, sai "emos": visitaremos la Alhambra, za mu ziyarci fadar Alhambra da ke Granada. Jami'i kuwa zai tambaye ka cikin girmamawa da "á": ¿Cuándo volverá? Ka ji "á", ka amsa da "é". Kaɗan ne ke saɓa tsari, kamar haré, zan yi, da saldré, zan fita.

Akwai hanya ta biyu da Bahaushe zai gane nan take. Voy a ver un partido en el Bernabéu na nufin zan kalli wasa a Bernabéu, kuma voy asalinsa "ina tafiya" ne. Haka "za" ɗinmu yake: shi ne a "za ni kasuwa", shi ne a "zan saya".

Wani zai ce manhaja tana fassara wannan cikin daƙiƙa ɗaya. Gaskiya ne, muddin akwai caji da intanet, kuma an bar ka ka riƙe waya a layin fasfo. Sannan rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti. "Na dawo" na iya nufin an riga an dawo, ko kuma alkawarin dawowa. Manhaja na iya ba ka volví maimakon volveré, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai miƙa wa jami'i kuskuren da hannunsa.

Saboda haka sa wayar aiki tun yanzu. Ƙara Sifaniyanci a Gboard; idan ka danne harafin e, é zai fito. Sauke harshen a Google Translate don ya yi aiki ba intanet. Rubuta jimloli goma game da tafiyarka, ka saurari yadda manhajar ke furta su, ka naɗi muryarka ka kwatanta. Minti goma kullum na wata guda ya isa ka amsa tambayar jami'i kana kallon idonsa.