Mai Gasar Iyo Da Burinsa Biyu A Jami'a

A Amurka yaro ko yarinya mai gwanintar iyo yakan gama sakandare da buri biyu. Na fari, ya rage daƙiƙa ɗaya ko biyu a lokacin da yake ƙetare ruwa. Na biyu, ya fita jami'a da digiri. Mu dai a ganinmu, wanda ya riƙe na fari ya saki na biyu ya yi wa kansa ɓarna.

A can jami'o'i suna da ƙungiyoyin iyo, sukan kuma biya wa gwani kuɗin makaranta, duka ko wani sashi. Amma ba a banza ba. Hukumar wasannin jami'o'i, watau NCAA, ba ta barin ɗalibi ya shiga gasa sai yana cikakken karatu, yana kuma cin jarrabawa. A 1991 ta ƙayyade cewa horon dole kada ya wuce awa 20 a mako.

Ba kowa ya ji daɗin dokar ba. Janet Evans, wadda ta ci lambar zinariya uku a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, ta ga awa 20 ba za su ishe ta ba, sai ta bar ƙungiyar Jami'ar Stanford. Ba za mu ce ta yi kuskure ba, gama ta sake cin zinariya a Barcelona a 1992. Amma a lura, ta koma aji, ta karɓi digiri a wata jami'ar Kalifoniya a 1994.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Missy Franklin. Tana shekara 17 ta ci zinariya huɗu da tagulla ɗaya a Landan a 2012. Kamfanoni suka yi mata caa da tayin kuɗin talla. A lokacin kuwa, wanda ya karɓi irin wannan kuɗi ba shi da damar yi wa jami'a gasa (sai a 2021 aka sassauta dokar). Ta ƙi kuɗin, ta shiga Jami'ar Kalifoniya a Berkeley a 2013. Wasu suka ce wauta ce. Shekara biyu ta yi a ƙungiyar kafin ta fara iyo na neman kuɗi.

To, me ya biyo baya? A Rio a 2016 ba ta ci lambar kome a tserenta na ita kaɗai ba. A 2017 aka yi mata aiki a kafaɗu biyu, a ƙarshen 2018 kuma ta bar gasa gaba ɗaya, tana shekara 23. Ku duba fa, shekarun da wani yake fara neman aiki, ita a nan sana'arta ta ƙare. Kafaɗa ba ta shawara da mai ita.

Za a ce ai ta yi suna, ko ba digiri ba za ta rasa abinci ba. Haka ne. Amma dubban masu iyo na jami'o'i, masu faɗawa ruwa da asuba kafin a shiga aji, ba za su taɓa zuwa Olamfik ba, kuma ba kamfanin da yake jiransu. Su ne suka fi bukatar su zaɓi jami'a saboda fannin da za su karanta, ba saboda sunan mai horarwa kaɗai ba. Ita kanta Franklin, da sunan nata duka, ba ta bar karatun a rataye ba. Ta koma Jami'ar Jojiya, ta gama digirinta a fannin nazarin addini a 2019.