Dukiyar da Jos ke zubarwa a juji

Duk wanda ya ratsa kasuwar Farin Gada da ke Jos a lokacin kakar kayan gwari ya ga tarin abin da ake sharewa kowace yamma: busasshen ɓawon albasa, tumatirin da ya fashe a kwando, da dankalin da fartanya ta sare. Ƙarshen mafi yawansu juji ne. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da Jihar Filato za ta daina kallon tarin nan a matsayin shara kawai.

Masana sun daɗe da gano cewa ragowar amfanin gona na ɗauke da sinadaran da ke hana iskar oksijin lalata abu. Uwargida ta san aikinsu ko da ba ta san sunansu ba, domin idan ta matsa lemun tsami a kan yankakken dankali, ba ya saurin yin baƙi. Irin wannan kariya ce ke hana man girki yin wari idan ya daɗe a ajiye. A ƙasashen da ke noman saflawa, wata shuka mai furanni ja da rawaya da ake tatsar mai daga ƙwayarta, irin su Kazakistan, Indiya da Meziko, tunkuzar da ke saura bayan tatsa abincin dabbobi ce. Sai bincike ya nuna cewa tana ƙunshe da irin waɗannan sinadarai, dangin serotonin, har aka fara tunanin tace su kafin a bai wa shanu sauran.

Filato ba ta shahara da saflawa ba, amma tana da abin da ya fi ta yawa. Daga Bokkos, Mangu da Barkin Ladi ne mafi yawan dankalin turawan Najeriya ke fitowa, kuma ɓawon dankali ya fi tsokarsa tara sinadarin kulorojenik. Jan launin tumatir daga laikofin yake, wanda ya fi taruwa a fatarsa. Busasshen ɓawon albasa kuwa cike yake da kwasetin. A gefe guda, masana'antun mai, biskit da abincin kaji a duniya sun dogara ne da sinadaran haɗi irin su BHT da TBHQ domin kayansu su daɗe, kuma Najeriya da kuɗin waje take sayo su.

Tunanin ba baƙo ba ne ga manomin Arewa. Wanda ya mayar da tunkuzar gyaɗa ƙuli-ƙuli, ya ajiye harawa saboda rani, ya tace toka ya yi sabulu, ba ya buƙatar a koya masa darajar ragowa. Abin da ya rasa shi ne ɗakin gwaji, kuma a nan ne lamarin ke ba da takaici, domin garuruwa kaɗan ne suka kai Jos samun su. Jami'ar Jos na da cibiyar binciken magungunan tsirrai da ta samu tallafin Bankin Duniya. A Kuru akwai sashen binciken dankali na cibiyar amfanin gona masu saiwa ta ƙasa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom na nan tun 1924. Ga kamfanoni irin su NASCO da Grand Cereals, masu sarrafa hatsi, mai da abincin dabbobi a cikin gari da kewayensa. Mai kaya, mai gwaji da mai saye duk suna zaune kusa da juna.

Sai dai wajibi ne a faɗi wahalar. Ɓawon dankalin da ya yi kore ko ya tsira yana tara solanin, guba ce da ke jawo amai da gudawa, don haka duk abin da aka tace daga gare shi sai an auna. Tumatirin da ya yi fumfuna ba shi da wani amfani a nan. Dankalin damina kuma yana isowa ne a tsakiyar ruwa, lokacin da shanya a rana ba ta yiwuwa, ɗanyen ɓawo kuwa kwana biyu ya ishe shi ruɓewa. Ɓawon da ke warwatse a ɗakunan girki ma ba zai taru ba. Sai inda ake fere dankali da yawa a wuri guda. Haka nan dole NAFDAC ta sa ido, don kada gobe a ji lasifika a tasha ana tallar garin ɓawo da sunan maganin ciwon daji. Hana mai lalacewa a kwalba daban ne da warkar da cuta a jiki.

Tun 2017 Bankin Raya Afirka ya amince da shirin bunƙasa noma da sarrafa dankali a Filato. Ya kamata gwamnatin jihar ta sa na'urar busar da ɓawo cikin tsarin duk wata masana'antar dankali da za ta tsaya a jihar, ta kuma ware wurin tara ɓawon albasa a Farin Gada, inda matasa za su riƙa saye a kan kilo. Hukumar RMRDC ta ɗauki nauyin gwaji na kaka guda tsakanin jami'ar da wani kamfanin mai, a bayyana sakamakon da kuɗin da aka kashe a fili, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.