Mabiya Ba Masu Saye Ba Ne



Shawarar masu koyar da talla a intanet ɗaya ce kullum: a riƙa sakin shafi kyauta, a tara mabiya, kuɗi zai biyo baya. Mun bi. Mun cika Wattpad da zaurukan WhatsApp, mun ƙona data, mun hana idonmu barci. Ranar da muka ce littafi na biyu na kuɗi ne, zaure ya yi tsit. Washegari ga shi yana yawo kyauta, ana "don Allah a turo min daga farko."

Laifin wa? Namu. Mu muka koya wa mai karatu cewa guminmu ba shi da farashi. Magabatanmu na adabin kasuwar Kano ba sadaka suka raba ba. Bugawa suke yi su kai kasuwa, mai so ya saya ko ya yi haya.

Kuma rumfar aro ba ta da tabbas. OkadaBooks ta rufe a 2023. Wanda bai san masu sayensa ba sai ta can, ina zai same su?

Mu ba da ɗanɗanon babi uku, mu tsaya. Mu faɗi farashi tun farko, ba kunya. Duk wanda ya taɓa biya, mu adana lambarsa da izininsa, ya riga kowa jin sabon aiki. Mu tace rubutunmu, don wanda ya biya ya tarar da kurakurai ba zai dawo ba.

Masu saye 100 sun fi 'yan "a ci gaba" 10,000.