Takardar izinin ƴan kwangila ba rigar aro ba ce

Babu wanda ya manta da gobarar da ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai cikin watan Afirilu na 2021, da wadda ta biyo bayanta a Maraɗi cikin watan Nuwamba na wannan shekarar. Yara fiye da 40 suka rasu a wuraren biyu. Tun daga nan bakin kowa ya zo ɗaya: a fid da ɗiyanmu daga rumfunan kara, a gina masu azuzuwa na siminti. To, wa zai gina?

Doka ba ta bar ƙofa buɗe ba. Duk kamfanin da ke neman aikin ginin gwamnati, sai ya kasance cikin rajistar ƴan kasuwa, yana da lambarsa ta haraji wadda ake ce ma NIF, ya nuna shaidar ya biya lanho, ya kuma zuba kuɗin ma'aikatansa a asusun CNSS. Bisa ga waɗannan akwai takardar izini ta ma'aikatar minista, wadda ke aje kowane kamfani a matakinsa gwargwadon kayan aikinsa da gwanayen da ke hannunsa. Tsari ne mai kyau, kuma muna goyon bayansa.

Amma takarda ba ta kwaɓa siminti. Abin da ke damunmu shi ne hayar izini. Mutum bai taɓa riƙa cokalin gini ba, sai ya ari sunan kamfanin wani, ya ari takardar shaidar injiniyan da ba zai taɓa taka wurin aikin ba, ya ci kwangila, ya fidda rabonsa, ya miƙa ma wani. Shi ma wannan ya fidda nasa. Kafin kuɗin su kai ga magini sun rame, magini kuwa ba shi da inda zai rage sai ga kaya: buhun simintin Malbaza guda a ja shi har ya yi aikin biyu, ƙarfen rodi a sa siriri, tushe a tona shi rabi. Fenti ya rufe sauran. Damina biyu, bango ya tsage bisa kan yara sittin.

Saboda haka muke kira ga hukuma ta auna kamfani a filin aiki, ba cikin biro kaɗai ba. Kafin a sabunta ma kowa izini, a je a ga motarsa da injin kwaɓinsa, a kira injiniyansa da suna, a duba ginin da ya yi bara. Wanda aka kama ya ba da hayar takardarsa a janye ta, a buga sunansa cikin jarida, shi da mai aron.

Sa'an nan a tuna da ƙananan magina na Tasawa, Madawa da Matamai, masu hannu amma marasa takarda. A sauƙaƙa masu hawa matakin farko, a bar su su karɓi aikin aji biyu ko uku da sunansu, domin in bango ya tsage mai gari ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.