Hular kwano ta tsare kai, wa zai tsare ƙirji?

Jama'a, mu tsaya mu dubi ɗan acaɓan da ya sauke mu da safiyar nan. Riga 'yar shara, silifas, hular kwano rataye a kan babur kamar kayan ado. Tsakanin haƙarƙarinsa da kwalta babu komai sai yadin nan. Idan mota ta taɓa shi, jikinsa ne gaban mota, jikinsa ne bodi.

Na ga abin da ido. Wani maƙwabcina, magidanci mai 'ya'ya huɗu, akuya ta gitta masa da magariba, ya taka birki, babur ya watsar da shi a gefen kwalbati. Hularsa na kansa, kan bai ko ƙwarzane ba. Amma haƙarƙari uku suka karye. Wata biyu yana kwance, ko tari zai yi sai ya rungume matashi a ƙirji, tukunyar gidan kuwa ta koma hannun 'yan uwa. Masu zuwa dubiya kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce tawakkali ya hana riƙo da sababi ba.

To, akwai sababin da yawancinmu ba mu ma san da shi ba: falmaran mai kumbura da iska. Irin jakar nan ce da ke fitowa daga sitiyarin mota, amma an ɗinke ta cikin rigar da mahayi ke sawa. Iri biyu ce. Ta farko tana da igiya da ake maƙalawa a jikin babur. Da zarar mutum ya rabu da sirdi da ƙarfi, igiyar ta fizge, 'yar tukunyar gas da ke aljihun rigar ta buɗe, kafin ƙiftawar ido rigar ta cika tam, ta tallafe wuya, ta rufe ƙirji da gadon baya. Ta biyun ba ta da igiya, na'ura ce a ciki mai auna motsin jiki, ita ke gane cewa faɗuwa ta zo, ta hura rigar tun mutum bai kai ƙasa ba.

Ba tatsuniya ba ce. Tun 2018 aka wajabta ta ga masu tseren babura na duniya, MotoGP. A 2013 ɗan tsere Marc Márquez ya faɗi a filin Mugello na Italiya yana gudun sama da kilomita 300 a awa, sanye da irin wannan riga, ya kuma shiga tsere a ƙarshen makon da ya faɗi. Gasar Dakar ma, wadda dattawan Agadas ke tuna ƙurarta tun kafin ta koma Saudiyya, ta wajabta ta ga mahaya babur daga 2021. Kamfanoni irin su Dainese da Alpinestars na Italiya, Helite na Faransa da Hit-Air na Japan ne ke ƙera ta.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Haka ne, farashinta ɗaruruwan daloli ne, wanda yake harhaɗa balas ɗin mai babur kullum yamma ba zai kalle ta ba. Ga zafin bazara. Kuma ba ta kare kai, ba ta kare ƙafa, don haka wanda ya ajiye hula ya ce ya sa falmaran ya yaudari kansa. Amma wayar hannu ma da tsada ta shigo. Abin da jama'a suka nema, 'yan kasuwa kan nemo mai sauƙinsa.

Saboda haka ga kirana. Masu manyan baburan nan da ke ruri a titi ranar Lahadi, ku ne ba ku da uzuri. Wanda ya iya sayen doki ba zai kasa linzami ba. Kamfanonin kai saƙo da ke tura yaran mutane cikin cunkoso suna ƙirga musu minti, ku saya wa mahayanku. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu, daga Gusau har Maraɗi, kuna karɓar kuɗin tikiti kullum, kun iya adashen biki da suna: ku buɗe na wannan, ku fara da masu dogon zango a manyan hanyoyi. Mai igiyar ta fi dacewa da mu, ba ta son caji, kuma in ta tashi tukunyar gas kawai za a sauya matuƙar rigar ba ta yage ba.

Hukuma kuma, don Allah kada a fara da kame. Mun ga yadda ta kaya a Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tilasta sa hula ba tare da an shawo kan mutane ba: wasu suka kifa ƙwarya a ka, suka ɗaure da igiya, suka wuce jami'ai. A sassauta kuɗin fito a kan hula da falmaran na gaske, a tare jabu tun daga tashar ruwa, a kai rigar tashoshin babura a fizge igiyar a gaban mahaya su ga yadda take cika.

Ku kuma fasinjoji, gobe in za ku hau, ku ce wa mai babur ya ciro hular nan daga inda ya rataye ta, ya ɗaure maɗaurinta a haɓa, sannan a tashi.